Na'ura Ta Zama Akawu, To Wa Zai Duba Lissafinta?

Duk wanda ya taɓa kai kaya wani babban kamfani ko ma'aikatar gwamnati ya san cewa sauke kaya a sito ba shi ne ƙarshen wahala ba. Akwai sauran tsallake teburin akawu. Shi ne mutumin nan mai tabarau da jan biro, wanda zai karɓi takardar neman biya ya bi ta layi-layi, ya ninka yawan kaya da farashi, ya tara jimla, sa'an nan ya duba kwanan wata da hatimi da sa hannu. In ya ga kuskure, ko da na kwabo ɗaya ne, sai ya ja layi ya miƙo wa mai ita, ya ce a je a gyaro. Mai kaya kuwa ya koma gida hannu rabbana, alhali direba da 'yan dako da masu binsa bashi duk suna zuba ido.

A 'yan shekarun nan wannan tebur na akawu ya fara ƙaura zuwa cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. Gwamnatocin ƙasashe da dama, har da Nijeriya, sun kafa doka cewa takardar neman biya, wadda 'yan kasuwa ke kira inbois, tilas ta zama ta lantarki. Su kuma kamfanoni, ganin takardun sun yi musu yawa, sun shiga ɗora aikin karanta su a kan wasu manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira waɗanda ake kira wakilai, saboda suna aiki ne a madadin mutum. Sai dai an lura cewa wakilin nan, duk da iya bakinsa, ba abin a sakar wa lissafin kuɗi shi kaɗai ba ne. Dalili ke nan da ya sa masana suka duƙufa wajen ƙera masa kayan awo na musamman, waɗanda zai riƙa ɗora kowace takarda a kai kafin ya ce uffan.

Takardar Da Ba Ta Fallen Takarda Ba

Da farko ya kamata mai karatu ya bambanta inbois da rasit. Rasit shaida ce ta cewa an biya kuɗi. Inbois kuwa ita ke zuwa kafin biya: mai sayarwa ne ke rubuta wa mai saye cewa ga kayan da ya ba shi, ga farashinsu, ga harajin da ke kansu, ga abin da yake binsa, ga kuma ranar da yake sa ran a biya shi. Da ita mai kaya ke neman haƙƙinsa, da ita kuma hukumar haraji ke sanin rabonta.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa in an ɗauki hoton takarda da wayar hannu aka aika, ko aka tura fayil ɗin PDF ta imel, shi ke nan an yi takardar lantarki. A idon sababbin dokokin ba haka abin yake ba. Hoto don idon ɗan Adam aka yi shi. Takardar lantarki ta ainihi fayil ne da aka tsara domin na'ura ta karanta, galibi da wani salon rubutu da ake kira XML, inda kowane bayani yake da gurbinsa mai suna: gurbin lambar takarda daban, na sunan mai sayarwa daban, na lambar harajinsa daban, haka nan yawan kaya da farashi da jimla. In mutum ya buɗe irin wannan fayil, tarin alamomi zai gani sun yi jerin gwano kamar kiyashi. Amma kwamfuta cikin ƙiftawar ido za ta kwashe bayanan ta zuba su a littafin lissafi, ba tare da wani ya sake bugawa da hannu ba.

Ƙasashen nahiyar Amurka ta Kudu da maƙwabtansu ne suka yi gaba a wannan hanya. Chile ta fara tun 2003, Brazil da Meziko suka biyo baya, kuma abin da ya tunzura su shi ne yawan masu zille wa haraji. Tarayyar Turai ta kafa tata dokar a 2014 game da cinikin da ake yi da gwamnati, daga nan aka fitar da ƙa'ida guda mai lamba EN 16931 a 2017, wadda ta fayyace abin da kowace takarda za ta ƙunsa. Italiya ta wajabta wa 'yan kasuwarta tsarin tun 1 ga Janairu 2019. A Jamus, daga 1 ga Janairu 2025 wajibi ne kowane kamfani ya zama yana iya karɓar takardar lantarki, an kuma tsayar da 2027 da 2028 a matsayin shekarun da aikawa da ita za ta zama dole daki-daki. Saudiyya ta soma nata tsarin mai suna Fatoora a watan Disamba 2021.

Irin tsananin da ke cikin lamarin ya fi fitowa fili a Italiya. A can kowace takarda sai ta ratsa ta wata cibiyar hukumar haraji kafin ta isa hannun mai saye. In cibiyar ta ga aibu ta dawo da fayil ɗin, to a shari'ance kamar ba a taɓa rubuta takardar ba, kuma kwana 5 aka ba mai ita ya gyara ya sake aikawa. Ba akawun da za a roƙa, ba manajan da za a kai wa kuka.

Guguwar Ta Iso Gida

Nijeriya ma ta bi sahu. Hukumar tara haraji ta tarayya, wadda aka sani da FIRS, ta ƙaddamar da tsarinta na takardun lantarki a ranar 1 ga Agusta 2025, ta fara da manyan kamfanoni masu cinikin Naira biliyan 5 zuwa sama a shekara, daga baya ta ƙara musu wa'adin shiga zuwa 1 ga Nuwamba 2025. A ƙarƙashin tsarin, kowace takarda tana samun lamba tata ta kanta daga hukuma, tare da tambarin QR wanda za a iya haskawa da waya a tabbatar da asalinta. Bisa ga sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a ranar 26 ga Yuni 2025, hukumar ta sauya suna zuwa NRS daga farkon 2026, ta kuma bayyana cewa matsakaita da ƙananan kamfanoni za su biyo baya mataki-mataki.

Mai shago a Kantin Kwari ko kasuwar Alaba zai iya cewa wannan rigimar manya ce. To amma Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dilan da ke sarin siminti ko sukari ko taliya daga babban kamfani, irin wannan takarda za a riƙa ba shi. Ɗan kwangilar da ke kai wa kamfani kaya kuwa, ranar da layi ya zo kansa, kuɗinsa ba za su fito ba sai takardarsa ta tsallake awon na'ura.

Yadda Ake Awon

Manhajar da ke wannan awo ana iya kiranta matantanciya, kuma aikinta hawa-hawa ne. Hawa na farko shi ne duba ƙirar fayil ɗin: shin duk guraben da ake buƙata suna nan, suna kuma bisa jerin da aka tsara? Shin an rubuta kwanan wata yadda ƙa'ida ta ce, wato shekara, wata, sa'an nan rana? Shin an saka lamba a gurbin lamba, ba kalma ba?

Hawa na biyu shi ne na ƙa'idojin ciniki, kuma nan ne matantanciya ta gaji jan biron akawu. Ana rubuta waɗannan ƙa'idoji da wani salo mai suna Schematron, wanda wani masani ɗan Ostireliya, Rick Jelliffe, ya ƙirƙiro a 1999. A tsarin Turai kowace ƙa'ida tana da lambarta. Mai lamba BR-02 ta ce tilas takarda ta zama da lamba. BR-03 ta ce tilas a saka ranar da aka fitar da ita. BR-CO-10 ta ce in an tara kuɗin layukan kaya ɗaya bayan ɗaya, dole su yi daidai da jimlar da aka rubuta. BR-CO-15 kuma ta ce jimlar ƙarshe ita ce kuɗin kaya a haɗa da haraji, ba ragi ba ƙari. Hatta sunan kuɗi ba a rubuta shi yadda aka ga dama: Naira ita ce NGN, Yuro kuma EUR.

Ga misali domin a fahimta. A ɗauka wani kamfani a Ikeja ya sayar wa wani dila a Kano katan 200 na sabulu, kowane a kan Naira 15,000. Kuɗin kaya Naira 3,000,000 ke nan. Harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 ya kama Naira 225,000, jimla ta zama Naira 3,225,000. In mai bugawa ya yi tuntuɓen yatsa ya rubuta 3,252,000, idon mutumin da ya wuni yana duba takardu zai iya wucewa bai lura ba, domin lambobin sun yi kama. Matantanciya kuwa nan take za ta tsaya, ta faɗi lambar ƙa'idar da aka karya da gurbin da aibun yake. Bambancin Naira 27,000 ne, kuma ko da na kwabo 27 ne haka za ta yi.

Hawa na uku shi ne na ƙa'idojin da kowace ƙasa ta ƙara don kanta. A Jamus, alal misali, takardar da ta bi tsarin XRechnung tilas ta ɗauki lambar shaidar mai saye, wadda ma'aikatun gwamnati ke amfani da ita wajen sanin ofishin da za a kai takardar. Akwai kuma wani nau'i mai fuska biyu da Jamus da Faransa suka haɗa hannu a kai, Jamusawa na kiransa ZUGFeRD, Faransawa na cewa Factur-X. Shi wannan, fayil ne na PDF da mutum zai iya karantawa, amma an cusa na XML a cikinsa domin na'ura. Yawancin kayan awon nan kyauta ne, kamar wanda hukumar KoSIT da ke birnin Bremen ta fitar, da wani mai suna Mustang. Sai dai ƙa'idojin ba sa zama wuri ɗaya. Hanyar aika takardu ta ƙasa da ƙasa mai suna Peppol takan sabunta nata sau biyu a shekara, saboda haka wanda ke awo da ƙa'idar bara zai iya sallamar takardar da hukuma za ta ƙi karɓa bana.

Mai Baki Da Mai Sikeli

To ina wakilin ƙirƙirarriyar basira ya shigo? Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a watan Nuwamba 2022, duniya ta ga manhajar da ke fahimtar magana tana mai da amsa kamar mutum. Wakili mataki ne na gaba, domin shi ba hira kaɗai yake yi ba: yana iya buɗe akwatin imel, ya ciro takarda, ya shigar da ita littafin lissafi, ya rubuta wa mai kaya wasiƙa. Amma a can ƙasan aikinsa, abin da yake yi shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata, bisa ɗimbin rubuce-rubucen da aka horar da shi da su. Don haka yakan yi kuskuren lissafi, yakan faɗi abin da babu shi cikin cikakken ƙarfin gwiwa, kuma in aka yi masa tambaya ɗaya sau biyu yana iya ba da amsa iri biyu. In aka miƙa masa fayil aka ce ya duba da ka, zai iya cewa komai lafiya alhali akwai ɓaraka.

Matantanciya kishiyarsa ce. Ba ta san hira ba, ba ta da dabara, amma in an ba ta fayil ɗaya sau dubu, amsa ɗaya za ta bayar. Aibunta shi ne rahotonta ba ya karantuwa ga kowa, domin cike yake da lambobin ƙa'idoji da alamomin da sai gwani. Abin da masu ƙera manhaja suka yi shi ne haɗa su aure. Kamar dillalin hatsi ne mai zaƙin baki a kasuwar Dawanau: kowa na jin daɗin hulɗa da shi, amma in aka zo maganar nauyin buhu, ba a karɓar ƙiyasinsa, sai a ce ya ɗora a sikeli.

Hanyar da ta sauƙaƙa wannan haɗi ita ce wata yarjejeniyar sadarwa da ake kira MCP, wadda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba 2024, kamfanonin OpenAI da Google kuma suka rungume ta a 2025. Aikinta kamar soket ɗin lantarki ne mai baki ɗaya: duk wanda ya ƙera kayan aiki bisa wannan baki, kowane wakili zai iya jona shi. Mai matantanciya zai rubuta ɗan bayani cewa ga sunan kayan aikinsa, ga abin da yake yi, ga irin fayil ɗin da yake karɓa. Wakili ya karanta bayanin, in takarda ta shigo ya miƙa ta, rahoto ya dawo masa.

Daga nan ne amfanin wakili ke bayyana. Shi ne zai juya rahoton zuwa maganar da akawu ko mai shago zai gane, ya ce jimlar da aka rubuta ta ɗara ta gaskiya da Naira 27,000, kuma da alama an juya lambobi biyu ne. Shi ne zai bambanta aibun da ke hana takarda wucewa da wanda gargaɗi ne kawai. Shi ne zai shirya wasiƙar ladabi zuwa ga mai kaya yana neman a aiko da gyararriya. In kuma takardar kamfaninsu ce za a aika, ya ba da shawarar gyara, ya sake ɗora ta a sikeli har ta tsallake. A takarda mai fuska biyu ma yana iya kwatanta abin da ido ke gani da abin da aka cusa a ciki, aikin da matantanciya ba ta saba yi ba, alhali a Jamus hukuma ta ce in fuskokin suka saɓa, ta na'ura ce abin dogaro.

Abin Da Sikeli Ba Ya Gani

Sai dai kuma kama da wane ba ta wane. Matantanciya tana tabbatar da cewa takarda ta bi ƙa'ida, ba ta tabbatar da cewa ta faɗi gaskiya. Ba ta san ko katan 200 ɗin nan sun iso sito ba, ko 180 ne suka iso. Ba ta san ko farashin shi ne wanda aka yi ciniki a kai ba. Ba ta kuma san ko lambar asusun bankin da ke jiki ta mai kaya ce ko ta wani ɓarawo ba. Ɗan damfara mai wayo zai iya rubuta takardar da za ta tsallake kowace ƙa'ida.

Manyan kamfanonin duniya ma an taɓa yi musu irin wannan sakiyar. Tsakanin 2013 da 2015, wani ɗan ƙasar Lituweniya mai suna Evaldas Rimasauskas ya yi rajistar kamfani da suna iri ɗaya da na wani kamfanin Taiwan mai ƙera kayan kwamfuta, ya riƙa aika wa Google da Facebook takardun neman biya na jabu. Kafin asirinsa ya tonu an tura masa fiye da Dala miliyan 100. Wata kotun tarayya a New York ta ɗaure shi shekara 5 a watan Disamba 2019. Abin da ya ci waɗannan kamfanoni ba kuskuren jimla ba ne, rashin tabbatar da wanda ake biya ne.

Akwai kuma haɗarin da wakilin ya zo da shi a jikinsa. Na farko, tun da an umarce shi ya sa takarda ta wuce, zai iya bin gajeriyar hanya ya sauya lamba har sikeli ya yi shiru, maimakon ya nemi tushen kuskuren. Takardar da wani ya aiko kuwa shaida ce, mai saye ba shi da ikon taɓa ko ɗigo a cikinta, sai dai ya mai da ita. Na biyu, wakili yakan kasa bambanta umarnin ubangidansa da rubutun da ya tsinta a cikin takarda. Mugu zai iya ɓoye wata jimla a gurbin ƙarin bayani, yana cewa a yi watsi da umarnin baya a biya kuɗin a wani sabon asusu. Masana tsaron kwamfuta sun yi ta gargaɗi a kan wannan tun 2022. Na uku, inbois tana ɗauke da sirrin kasuwanci, da sunayen abokan ciniki da farashin da aka yi musu. Aika ta wata matantanciya da ke intanet ba tare da sanin mai ita ba tamkar miƙa littafin shago ne ga baƙo, ga shi kuma Nijeriya na da dokar kare bayanan jama'a tun 2023.

Wa Ke Da Alhaki?

In wakili ya yi ɓarna, ba za a kai na'ura kotu ba. An ga misalin haka a Kanada a watan Fabrairu 2024, sa'ad da manhajar hira ta kamfanin jiragen sama na Air Canada ta ba wani fasinja bayanin da ba daidai ba game da rangwamen tikiti. Kamfanin ya nemi ya zame, yana nuna cewa manhajar ita ke da alhakin maganarta. Kotun sasanta ƙananan ƙararraki ta lardin British Columbia ta ƙi wannan hanzari, ta ce kamfani ya biya. Haka lamarin zai kasance a gaban hukumar haraji: sunan wanda ke jikin takarda shi za a nema. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Saboda haka kamfanin da ke son shiga wannan harka yana da abubuwan kiyayewa. Ya tabbata hukuncin wucewa ko faɗuwar takarda daga matantanciya yake fitowa, ba daga bakin wakili ba, a kuma adana rahoton awon tare da takardar domin ranar da masu binciken haraji za su zo. Ya tabbata ana sabunta ƙa'idojin a kan lokaci, kuma na ƙasar da ake ciniki da ita ne. Kada a ba wakili mabuɗin asusun banki. A ci gaba da tsohuwar al'adar nan ta haɗa takardu uku, wato takardar odar kaya, da ta shaidar saukar kaya a sito, da inbois, kafin a saki ko sisi. In kuwa mai kaya ya sauya lambar asusu, a buga masa waya ta lambar da aka san shi da ita tun asali, ba wadda ke jikin sabuwar takarda ba.

Ga matasan da suka karanta aikin akanta kuma suke fargabar na'ura za ta raba su da abincinsu, gaskiya ne ninkawa da tarawa sun bar hannun mutum. Amma wanda zai leƙa sito ya ƙirga katan, wanda ya san muryar mai kaya in ya ji ta a waya, wanda zai ga takarda ta cika kowace ƙa'ida amma ya ce a dakata tukuna, har gobe ana nemansa. Abin da ya rage musu shi ne su koyi karanta rahoton sabon sikelin, kamar yadda magabatansu suka koyi aiki da keken rubutu da na'urar lissafi sa'ad da suka shigo. Allah Ya sa a dace.